Yadda Ake Gane Asalin Tsohon Taminal Da Aka Sauya Wa Suna

A Tsohuwar Panteka ta Kaduna na ci karo da shi, cikin tarin kayan ofis da 'yan gwangwan suka sayo a gwanjo: kabad ɗin ƙarfe uku, tafireta biyu da suka yi tsatsa, da wani abu mai kama da ƙaramar talabijin zaune a kan gindi mai juyawa, an ɗaure masa kibod ɗinsa a ka da igiyar roba. Ina cikin jujjuya shi mai kayan ya ce, "Malam, monita ce irin ta da. In kana so ka ɗauka, in ba haka ba yau ɗin nan za mu fasa ta mu cire jar wayar." A goshinsa akwai ɗan tambari mai sunan wani kamfani da ban taɓa ji ba. Da na dawo gida na nemi sunan a intanet, ko ƙyallinsa ban gani ba.

Ba monita ba ce, taminal ne. Kafin kowane teburi ya samu kwamfutarsa, ma'aikata kan sayi babbar kwamfuta guda ɗaya a kulle ta a ɗaki mai sanyi, a ja wayoyi zuwa teburan akawuna, kowane teburi a ɗora masa allo da kibod. Wannan allon da kibod ɗin shi ne taminal. Ba ya lissafi, ba ya ajiye komai. Ɗan aike ne kawai: abin da ka buga ya kai wa babbar kwamfuta, amsar da ta bayar ya rubuta maka a allo. Garin da ya yi masaƙun Kakuri da kamfanin haɗa motoci da matatar mai da jerin bankuna a Ahmadu Bello Way, ba abin mamaki ba ne irin waɗannan su riƙa ɓullowa a wajen 'yan jari-bola.

Matsalar ita ce sunan da ke goshi sau da yawa ba na wanda ya ƙera ba ne. Kamfanin da ke haɗa wa banki ko masana'anta tsarin kwamfuta ba ya wahalar da kansa da ƙera taminal. Saro shi yake yi daga masu ƙerawa, ya manna tambarinsa. Wani lokaci ma gida ɗaya ne ke sayar da abu ɗaya da suna biyu, kamar Heathkit H19 da Zenith Z-19 na 1979. Wani lokaci kuma cinikin kamfani ne ke sauya sunan: a 1995 DEC, masana'antar kwamfuta ta Amurka mai ƙera taminal masu suna VT, ta sayar da sashenta na taminal, aka ci gaba da fitar da VT520 da 'yan uwansa ƙarƙashin sunan Boundless. Kai kuwa sai ka san sunan yanka kafin ka samu littafinsa, ka san kibod ɗin da zai karɓa, ka kuma san da wane yare za ka yi masa magana.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu. Akwai wanda aka sauya wa suna, akwai kuma mai kwaikwayo. Na farko shi ne ainihin kayan, riga kawai aka canja masa. Na biyu wani kamfani ne daban ya ƙera nasa ya koya masa halin wani, kamar yadda CIT-101 na C. Itoh ke kwaikwayon VT100. Kama da wane ba ta wane. Saboda haka shaida ɗaya ba ta yanke hukunci a wannan aikin. Sai uku sun haɗu a kan magana ɗaya.

Mataki na 1: Kada ka jona shi tukuna

Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi. Ni ma na taɓa yi. Wani taminal da na samu shekarun baya, ban juya bayansa ba na soka shi a soket ɗin shago, ashe na wutar Amurka ne mai bolt 115, mu kuwa tamu 230 ce. Ƙara ɗaya ya yi, tas, sai wari. Laifina ne ni kaɗai, don rubutun yana nan ɓaro-ɓaro a bayansa.

Abin da za ka fara shi ne goge ƙura da busasshen buroshi, sannan ka ɗauki hoto ta kowace kusurwa: gaba, baya, ƙasa, da ƙarƙashin kibod. Kowane rubutu ka matso ka ɗauke shi shi kaɗai. Kada ka sa ruwa ko sifirit a kan takardar lamba. Tawadar da ta shekara arba'in tana binne a ƙurar hunturu, shafa ɗaya ta isa ta tafi da ita. Rubutun da ya dushe, kashe fitilar ɗaki ka haska shi da tocila daga gefe, za ka ga shatin haruffan ya fito.

Haska gilashin allon ma haka. Taminal ɗin da ya yi shekaru yana nuna shafi ɗaya, rubutun kan ƙone ya zauna a jikin gilashin. A nawa na ga inuwar layuka da wata kalma mai kama da ta lissafin albashi. Wannan ba zai faɗa maka maƙerinsa ba, amma yana tabbatar da cewa ya yi aiki da haruffa, kuma za ka iya ƙirga layukan.

Mataki na 2: Duba ramukan bayansa

Nan ne za ka san danginsa cikin minti ɗaya.

In ka ga waya ko rami mai tsinke 15 a jeri uku, VGA ce, wato monita ce kawai, mai kayan ya yi gaskiya. Taminal na gaske ramin kibod ɗinsa a jikinsa yake, sannan yana da rami mai faɗi mai tsinke 25 a jeri biyu, wanda ake kira DB25, sau da yawa guda biyu: ɗaya an rubuta masa MODEM ko HOST ko COMM, ɗaya kuma AUX ko PRINTER. Wannan shi ne RS-232, hanyar aika saƙo da ake kira siriyal, kuma irin wannan ne ya fi sauƙin tayarwa a yau.

In kuwa abin da ke bayan ɗan zagayayyen ƙarfe ne guda ɗaya da ake murɗa wa waya irin ta eriya, to dangin IBM 3270 ne, na manyan kwamfutocin nan. In zagayayye ne babba mai tsinke biyu a ciki, dangin IBM 5250 ne, irin wanda ke bin System/36 da AS/400. Waɗannan biyun ba za su yi magana da kwamfutarka kai tsaye ba, kuma kamfanoni da yawa sun ƙera masu kwaikwayonsu. Akwai kuma wani ɗan rami mai kama da na tarhon ofis amma maƙallinsa ya karkata gefe ɗaya. Wannan MMJ ne, ƙirƙirar DEC, za ka same shi a VT320 na 1987 da VT420 na 1990, da masu bin sawunsu.

Duk ramin da aka rubuta wa 20mA, bar shi. Wata tsohuwar hanyar aika saƙo ce daban, ba a haɗa ta da RS-232.

Mataki na 3: Karanta lambobin da mai sauya suna ya manta

Mai manna tambari yakan sauya goshi, wani lokaci ya buga sabuwar takardar baya, amma lambobin hukumomi suna da wuyar taɓawa. Su za ka bi.

Nemi inda aka rubuta FCC ID. Hukumar sadarwa ta Amurka ce ke bayar da wannan lambar, kuma a kayan wancan zamanin haruffa uku na farko suna nuna kamfanin da ya yi rajistar. Ka shigar da ukun nan a shafin binciken hukumar, sunan kamfanin zai fito. Sai dai ba kowane taminal ke da ita ba. Wanda aka yi kafin farkon shekarun 1980 ba shi da ita, haka nan da yawa daga waɗanda aka ware a matsayin kayan ofis da masana'anta, wato masu rubutun Class A, gargaɗi kawai za ka gani babu lamba.

Sai alamar UL, ta masu gwajin ingancin kayan wuta a Amurka, haruffa biyu cikin da'ira. Kusa da ita akan samu harafin E da lambobi biyar ko shida. Wannan lambar fayil ce, ita ma tana komawa ga kamfani. Alamar CSA ta Kanada kuwa lambarta da LR take farawa. A nan ma ka yi hattara, don babban dillali kan iya samun tasa lambar a kan kayan da wani ya ƙera.

Kada ka raina ƙasar da aka ƙera shi. Kamfanin da adireshinsa ke Ingila ko Jamus amma kayan an rubuta Taiwan ko Koriya, ka san saro shi aka yi. Sannan ka sa farce a gefen takardar lambar. Sau da yawa sabuwa a kan tsohuwa aka liƙa. In ka ji kauri, ɗumama ta da na'urar busar da gashi kaɗan-kaɗan ka ɗaga kusurwa ɗaya. Tambarin goshi ma haka: in ya ɗago, a kan ga shatin na asali a jikin robar, ko ramuka biyu da ba su yi daidai da sabon ba. A nawa abin da na tarar ke nan, gurbin ya fi tambarin faɗi.

Tun da kana wurin, rubuta ƙarfin wutar da yake sha. Wasu suna da ɗan makunni ja mai 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen.

Mataki na 4: Kibod

Rubutun maɓallai yana tona dangi. PF1 zuwa PF4 a saman lambobin dama, gidan DEC ne ko mai kwaikwayonsa. In ka ƙara ganin Help da Do da Find da Compose Character, tsarin VT220 ne na 1983. PA1 da PA2 da Attn na 3270 ne, Field Exit kuwa na 5250. Funct da Ins Char da Del Line da Clr Line suna nuna gidan TeleVideo ko Wyse. In kuwa allon da kibod ɗin a manne suke jiki ɗaya, kuma akwai kibiyoyi a kan H da J da K da L, to ka yi dace da ADM-3A na Lear Siegler, na 1976, wanda daga kansa ne manhajar rubutu mai suna vi ta gaji amfani da waɗannan haruffan wajen yawo a shafi.

Gargaɗi biyu. Sunan da za ka gani a cikin kibod, irin su Key Tronic ko Cherry, na masu ƙera kibod ne, ba na taminal ba. Kuma a Panteka ba lallai kibod ɗin da aka ɗaura masa ya zama nasa ba. Na DEC da wasu na Wyse bakin wayarsu iri ɗaya ne da na kan tarho, zai shiga ramin lafiya lau, amma jerin wayoyin ciki da ƙarfin wutar ba ɗaya ba ne. Shigar filogi ba shaida ba ce.

Mataki na 5: Buɗe shi

Nan gaskiyar take, nan kuma haɗarin yake. Kwalbar allon tana aiki da wutar da ta haura bolt 10,000, kuma takan riƙe saura ko bayan an kashe ta. In ba ka taɓa gyaran tsohuwar talabijin mai ƙeya ba, kada ka yi wannan kai kaɗai. Ni wajen wani dattijo na kai a Tudun Wada, wanda ya yi shekaru yana gyaran talabijin tun ta baƙi-da-fari. Na ce, "Baba, so nake a buɗe a duba ciki kawai." Ya dubi kayan ya yi murmushi, ya ce, "Yaro, ja da baya tukuna." Ya ɗaura waya a jikin sukudireba, ya maƙale ɗaya bakin a ƙarfen da ke riƙe da kwalbar, ya sa hannu ɗaya a baya, ya zura bakin sukudirebar ƙarƙashin robar nan mai kama da kofi. Sai da ya yi haka sau biyu sannan ya ce in matso. Ya kuma nuna mini siririn wuyan kwalbar ya ce ko da wasa kada in jingina hannu a kai, don nan ne take fashewa.

A ciki za ka ga ɓangare uku: na wuta, na allo, da babban bodi, wato farantin da aka jera kayan lantarki a kai, mai tarin ayisi, 'yan baƙaƙen guntayen nan masu ƙafafu. Na ukun kake nema. Sunan da ke jikin kwalbar, ko Philips ne ko Toshiba ko Hitachi, na mai yin kwalba ne. Na ɓangaren wuta ma sau da yawa sayo shi ake yi daga irin su Astec. Mutane da yawa a nan suke ɓata, su ce ai Toshiba ne. Haka nan rubutun 94V-0 da ke jikin bodi ba sunan samfuri ba ne, matsayin jure wuta ne.

Bi gefunan babban bodin da tocila. Nemi suna ko alamar haƙƙin mallaka da shekara, musamman wanda aka zana da jan ƙarfen bodin kansa, ba da farin fenti ba. Wannan sai an sake ƙera bodin kafin a goge shi, shi ya sa dillali ba ya taɓa shi. Wani lokaci a bayan bodin yake, sai an kwance shi. Rubuta duk lambar da ke bin ASSY ko P/N ko REV.

Sai manyan ayisi, masu ƙafa 40. Ɗaya ita ce ƙwaƙwalwar taminal ɗin, ɗaya kuma mai kula da allo. Haɗin biyun nan kamar zanen yatsa yake. VT100 na 1978 da Intel 8080 yake aiki. H19 da Z80. VT220 da 8051. TeleVideo 950 da 6502 haɗe da 6545. Wyse WY-50 na 1983 da 8031 haɗe da 2672. ADM-3A kuwa ba shi da ƙwaƙwalwa ko ɗaya, bodi ne shimfiɗe da ƙananan ayisi jere reras.

Shekarunsa ma a jikin ayisi suke. Ban da lambar samfuri, kowace tana da lamba huɗu ta ranar fitowa: biyun farko shekara, biyun ƙarshe mako. 8637 na nufin mako na 37 a 1986. Duba guda goma ko fiye, wadda ta fi kowa ƙuruciya ita ce ke nuna lokacin da aka haɗa bodin, ka ƙara 'yan watanni. In guda ɗaya ta yi wa sauran nisa da shekaru kuma darmar ƙafafunta ta fi sheƙi, gyara aka yi, kada ka ƙirga ta. Akwai tarko a nan: ayisi masu suna 7404 ko 7432 ba ranar fitowa ba ce, sunan danginsu ne. Na ga wanda ya rantse kayansa na 1974 ne saboda wannan.

Na ƙarshe su ne masu ɗan tagar gilashi a tsakiya da aka rufe da sitika, masu lamba 2716 ko 2732 ko 2764. A cikinsu manhajar taminal ɗin take. Karanta abin da aka rubuta a sitikar, amma kada ka ɓare ta, don hasken rana yana goge abin da ke ciki sannu a hankali. In kana da mai karanta ayisi irin TL866, wanda wasu masu gyaran talabijin na zamani ke da shi, zare ta a hankali, ka lura da gefen da tsagarta ke kallo, ka kwafe abin da ke ciki. A Linux umarnin strings zai zaƙulo maka duk rubutun da ke cikin fayil ɗin, wani lokaci har da sunan maƙerin da dillalin ya ɓoye. In ka karanta ɗaya ba ka ga kalma ko ɗaya ba, wataƙila ta siffar haruffa ce, gwada ta kusa da ita. Ka adana fayil ɗin ko ba ka samu komai ba.

Kafin a rufe, a duba kondensa. Duk wadda ta kumbura ko ta zubar a canja ta. Akwai wasu masu kama da alewa, ruwan zuma, kusa da inda wuta ke shiga, galibi ƙirar RIFA. In ka ga jikinsu ya tsattsage, a cire su, don da sun ji wuta sai hayaƙi. In akwai batir a kan bodi, duba ko ya tsiyaya.

Mataki na 6: Kunna shi

In na 115 ne kuma babu makunnin sauyawa, sai da tiransifoma mai rage wuta. Kada ka fara gwaji da ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Baba da dabararsa ta da ya yi: ya jera ƙwan fitila mai zare, wat 100, tsakanin soket da taminal. In ƙwan ya yi haske ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske fes, akwai inda wuta ke haɗewa, a kashe nan take.

Saurari ƙarar da zai yi, ka ba allon kamar minti ɗaya ya yi ɗumi. In ba ka ga komai ba, murɗa maɓallin haske kafin ka yanke ƙauna. Wasu da bakinsu suke faɗin sunansu: VT220 na gaske yakan rubuta VT220 OK. Yawanci kuwa ɗan ɗigo mai ƙyaftawa kawai za ka gani a kusurwa.

Nemi shafin saiti. A VT100 maɓallin SET-UP yana sama daga hagu. A VT220 da ƙannensa F3 ne. A Wyse akan danne Shift tare da Setup. In babu irin wannan maɓallin, duba baya ko ƙarƙashin wani ɗan murfi, za ka ga jerin ƙananan makunnai. Ɗauki hotonsu kafin ka motsa ko ɗaya. A cikin saiti akwai jerin taminal ɗin da yake iya kwaikwaya. Wanda jerin ya fara da shi, ko wanda aka kira Native, galibi shi ne halinsa na gida. WY-50, alal misali, bayan nasa yana iya zama TeleVideo 910 da 920 da 925, da ADDS Viewpoint, da Hazeltine 1500. In ka ga rubutu na rawa a allon, nemi inda ake zaɓar 50 ko 60 ka mai da shi 50, daidai da wutar ƙasar nan.

Gwaji mai sauƙi kafin ka ci gaba: lanƙwasa ɗan guntun waya ka haɗa tsinke na 2 da na 3 a ramin MODEM. Duk abin da ka buga zai fita ya dawo allo. In ya dawo, hanyar fita da ta shiga duk suna da rai. In bai dawo ba, a fara zargin ayisi 1488 da 1489 da ke kusa da ramin.

Mataki na 7: Tambaye shi sunansa

Kana buƙatar wayar da ke mai da USB zuwa siriyal, mai baki tsinke 9. Waya uku kacal za ka haɗa zuwa DB25 ɗin taminal: 2 zuwa 2, 3 zuwa 3, sannan 5 na ƙaramin zuwa 7 na babban. Kada wannan ya ruɗe ka. A mai tsinke 9, na 2 karɓa yake yi, a mai 25 kuwa na 2 aikawa yake yi, don haka miƙaƙƙen haɗin shi ne giciyen da ake so. Kada ka yi amfani da waya mai cikakkun tsinke 25, don wasu tsofaffin sukan fitar da wata wutar ta tsinken da ba ka zata ba.

Daidaita gudun ɓangarorin biyu. Fara da 9600, bit 8, babu fariti, tsayawa 1. In tarkace ke fitowa, gudun ne bai yi daidai ba. In wasu haruffa na fita daidai wasu na karkacewa, gwada bit 7 da fariti Even. A Linux ka buɗe taga biyu. A ta farko:

stty -F /dev/ttyUSB0 9600 raw -echo
cat -v /dev/ttyUSB0

A ta biyu ka aika tambayar:

printf '\033[c' > /dev/ttyUSB0

Dangin DEC za su amsa a taga ta farko. VT100 zai ce ?1;0c ko ?1;2c, VT102 ?6c. Amsar da ta fara da 62 matakin VT220 ce, 63 na VT320, 64 na VT420. In shiru ya yi, ko ya rubuta harafin c a allonsa, ba yarensa ba ne. Gwada '\033Z', tambayar VT52, taminal ɗin DEC da ya gabaci VT100. H19 ma yana amsa ta da /K. Sai '\033 ', wato ESC da tazara ɗaya, tambayar Wyse: WY-50 zai ce 50, WY-60 na 1986 zai ce 60. Akwai kuma '\005', wanda ke fito da saƙon da masu shi na da suka ajiye a ciki, in sun ajiye.

Wanda ya ƙi amsa duka, gwada shi da share allo. Cika allon da rubutu, ka aika '\033[2J', in ya share, yana jin ANSI, wato yaren VT100 da danginsa. In bai yi ba, aika '\032', wanda ADM-3A da magadansa ke ji.

Sai dai ka tuna, wannan amsar ita ce mafi raunin shaidu. Mai kwaikwayo ma 62 zai ce, don an koya masa ya faɗi hakan ne domin babbar kwamfuta ta karɓe shi. Amsar tana gaya maka yaren da yake ji, ba gidan da aka haife shi ba.

Mataki na 8: Haɗa shaidun

Nawa ga yadda ya kasance. Takardar baya ta ce Taiwan, alhali adireshin mai tambarin ba can yake ba. Kibod ɗin yana da Funct da maɓallan F guda 16. A bodi na samu 8031 da 2672, mafi ƙuruciyar ayisi ta ƙarshen 1986 ce, a gefen bodin kuma ga sunan Wyse da jan ƙarfe. Shafin saiti ya jero TeleVideo da ADDS da Hazeltine, da na tambaye shi kuma ya ce 50. Da bodin ya zo da wani suna daban, da sai in ce mai kwaikwayon WY-50 ne, in ci gaba da bin lambar bodin.

Da sunan a hannu, nemi littafinsa a rumbun Bitsavers, inda aka tara kwafen littattafan tsofaffin kwamfutoci kamfani-kamfani. Na masu gyara ya fi na mai amfani daraja, don yana da zanen bodi. Ɗora zanen kusa da hoton da ka ɗauka ka gwada matsayin ayisi da ramuka ɗaya bayan ɗaya. In komai ya zauna amma shafin saiti ya ɗan bambanta, dillalin ne ya sa aka taɓa masa manhajar, abin da akan yi wa mai sayen da yawa.

In kana so ya yi aiki, umarnin infocmp wy50 zai nuna maka ko Linux ɗinka ya san shi. In bai sani ba, a Debian da Ubuntu ƙunshin ncurses-term ne ke ɗauke da bayanan tsofaffin taminal. Tayar da serial-getty@ttyUSB0, danna Return har login ya fito, ka shiga, ka rubuta export TERM=wy50, ko vt100 ko vt220, gwargwadon abin da ka gano. Buga umarnin top, mai cika allo da jerin ayyukan da kwamfuta ke yi. In layukan sun tsaya kowane a gurbinsa, 80 a faɗi 24 a tsaye, ka samu sunan daidai. In sun hau kan juna, koma mataki na 7.

Na rubuta abin da na gano a 'yar takarda, sunan asali da lambar bodi da gudun 9600, na liƙa ta a cikin murfin baya nesa da kwalbar. Tambarin baƙon kamfanin kuwa na mayar da shi gurbinsa da ɗigon gam. Da na koma wa Baba da hoton allon yana haske kore shar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in na sake zuwa Panteka in duba masa ko akwai mai ruwan goro, don kwalbarsu ta fi daɗin ido da dare.